Kofur Ishaya Mai Jita da Ƙaryar da Na Yi Masa

Shekara goma sha ɗaya ke nan a wannan daminar da rasuwar mijina Ishaya, wanda Zuru ta sani da Kofur Mai Jita. Ya tafi ne lokacin da dawa ta kai gwiwa, ranar wata Alhamis da aka wuni ana yayyafi. Makon jiya 'yarmu Rahila, da ke aure a Kaduna, ta bugo mini waya tana cewa a buga hotonsa a kalanda a raba wa dangi, kamar yadda ake yi yanzu. Na ce mata ta yi idan tana so, ni dai rubutu zan yi. Na ƙare ƙuruciyata ina koya wa yaran firamare rubutu, amma ban taɓa rubuta layi ɗaya a kan mutumin da na zauna da shi ba. Akwai kuma wata magana da nake ɗauke da ita tun yana raye, wadda ko Rahila ba ta sani ba.

Ishaya ɗan manoma ne, daga wani ƙauye a gindin duwatsu can wajen Kanya. Kamar yawancin samarin ƙasarmu, da ya tasa sai ya shiga soja. Ya dawo gida da igiya biyu a hannun riga, da kunnen hagu wanda ƙarar bindiga ta kashe, da wata tsohuwar jita mai tsagaggen baya da wani abokin aikinsa ya bar masa. A bariki ya koyi aikin kafinta, don haka ya kafa rumfa a bakin hanya ya shiga yin ƙofofi da bencina da akwatin gawa. Ni a lokacin ina cikin mawaƙan coci. Da ya zo neman aurena, mahaifina ya ce ai wannan bai yi golmo ba, wato noman shekaru da saurayi ke yi wa gidan surukai a al'adarmu. Ishaya ya ce shekarun golmonsa gwamnati ta riga ta cinye su, amma a ba shi wata ɗaya. Ya yi wa tsohon ƙofar maɗaci wadda sai da ƙarti huɗu suka kama ta. Gidan ya rushe tuntuni, ƙofar tana nan a gidan ƙanena.

Jitar nan mai tsagaggen baya ita ce mafarin komai. Ya buɗe ta ne don ya liƙe tsagar, sai ya yi kwana uku yana kallon cikinta, bai taɓa gam ba. Ya ce mini ashe abin da ke sa ta magana a ɓoye yake, waɗansu 'yan siraran katako ne da aka jera a ƙarƙashin fuskarta, ya sa musu suna haƙarƙari. Ya auna komai da zare, ya zana a bayan kwalin sukari, ya ce shi ma zai gwada. Ta farko da ya yi nauyinta kamar turmi, muryarta kamar ta mai mura. Wayar birkin keke ya ɗaura mata a matsayin tsirkiya. Ta biyu ta buɗe da kanta a cikin zafin bazara, muna zaune muka ji ƙarar fashewarta. Maƙwabta suka yi dariya, ni ma na yi. Shi kuwa ya tattara ɓaraguzan ya zauna yana duba inda suka rabu.

A hankali ya gane cewa sirrin yana wurin icce. Baya da gefe da wuya, maɗaci yake sa musu. Allon da yatsu ke hawa kuwa sai tsakiyar iccen kanya, wurin nan da take baƙi ƙirin, ko maɗobiya idan ya samu. Jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke kwanciya a kansa, shi ma maɗobiya ne, da ɗan ƙashin saniya da yake karɓowa wurin mahauta, ya dafa shi ya goge har ya yi sheƙi. Ban taɓa ganin ya sare icce mai rai ba. Wanda iskar farkon damina ta kayar, tsohuwar ƙofa, gadon da aka gaji da shi, waɗannan yake bi ƙauye ƙauye a kan kekensa yana nema. Idan ya kawo, sai ya jera su a saman ɗakin da muka gina don baƙi, su yi shekara biyar ko fiye kafin ya sa musu zarto. Baƙinmu a ƙarƙashin katako suka riƙa kwana. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ishaya yakan ce wanda ya yi wannan karin magana bai taɓa yin jita ba. Sai icce ya bushe sarai yake fere shi ya yi siriri, ya yayyafa masa ruwa, ya goga shi a jikin bututun ƙarfe mai garwashi a ciki, yana lallaɓa shi har ya lanƙwasa. Ɗanye, in ji shi, zai bi ka yau, gobe ya koma inda yake so.

Wahalar duka tana wurin fuska, domin ita ce ke rawa idan an taɓa tsirkiya, kuma tana son icce marar nauyi mai ƙarfi. Ya gwada rimi, ya yi laushi da yawa. Ya gwada malaina, ta yi dama-dama. Wanda ya fitar da shi shi ne Oga Emeka, wani ɗan ƙabilar Ibo mai shagon kayan inji a kasuwa. A wancan lokaci injin niƙa da keken ɗinki a cikin akwatunan wani farin katako marar nauyi suke zuwa daga ƙasashen waje. Ishaya ya ƙwanƙwasa ɗaya wata rana a ƙofar shagon, ya tsaya cak. Tun daga nan duk sanda kaya suka zo, sai Emeka ya biyo ta rumfa a kan babur yana kira: "Kofur, kayanka ya zo! Zo ka kwashe kafin mata su dafa tuwo da shi!" Cikin akwati goma da ƙyar yake zaɓen allo biyu. Sauran ni ce nake dafa tuwon da su.

Da haka sunansa ya fita. Coci-coci daga Mahuta da Kanya da Bena suka riƙa aiko masa. Sojoji masu hutu suna zuwa, har da samarin Musulmi masu kiɗan biki. Jita ɗaya takan ɗauke shi wata biyu ko uku, ba ya kuma yarda a hanzarta shi. Ƙofofi da bencina ne ke ciyar da mu, jita kuwa ita ce abin da ke sa shi fitowa da sassafe yana fito da baki.

Sai kunnen dama ya fara tafiya. Ni na fara lura, don Rahila za ta gaishe shi daga baya bai juyo ba, rediyo kuma kullum ƙara masa murya yake yi. Muka je asibiti, aka duba, aka ce sai haƙuri. Muka dawo gida. Bayan kamar mako biyu, wata rana da la'asar na taso daga makaranta, ya leƙo daga rumfa ya ce, "Maman Rahila, zo ki ara mini kunnenki."

Ya riƙe wani allo da yatsu biyu a kusa da samansa, ya ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa. Ya ɗauki wani ya ƙwanƙwasa. Ya ce in gaya masa bambancinsu. Na ce duk katako ne. Ya ce in sake saurara, ai ni mawaƙiya ce. Sai da muka yi kwanaki kafin kunnena ya buɗe. Allo mai kyau idan an buga shi yana amsawa, ya ja ɗan numfashi kamar an ƙwanƙwasa busasshiyar ƙwarya. Marar kyau kuwa ɗif yake cewa ya tsaya, kamar an bugi jiƙaƙƙen bango. Haka muka koma yi. Ya kankare kaɗan, ya ƙwanƙwasa, ya zuba wa bakina ido. In ce da saura, ya ƙara kankarewa. In ce ya yi, ya ajiye kayan aiki nan take, ko da shi a ransa yana ganin da saura. Shekara tara muna haka. Mutane sun san Kofur ba ya ji sosai, amma ba wanda ya san cewa ko muryar jitarsa ba ya ji. Shi da kansa ya ce jitocin da suka fi kyau a waɗannan shekarun ya yi su. Ni kuma ban taɓa jin kusa da shi kamar a wannan rumfar ba, ina zaune a kan benci da allin makaranta a hannuna, mutum kamar Ishaya yana jiran abin da zan ce.

Zamani riga ne. Kayan inji suka koma zuwa cikin kwali da leda. Emeka ya tsufa, ya sallama shagon ya koma garinsu, daga baya muka ji rasuwarsa. Coci-coci suka fara sayen fiyanon lantarki da manyan lasifika. Masu zuwa rumfa neman jita suka ragu, farin katakon da ke saman ɗaki shi ma yana raguwa, har ya rage na fuska ɗaya tak. A lokacin Ishaya ya kamu da hawan jini, ƙafafunsa suna kumbura. Ana haka sai wata coci daga Bena ta aiko tana son jita. Ranar ya yi murna kamar yaro. Ya sauko da allon nan na ƙarshe, ya share masa ƙura da hannun rigarsa.

Abin da ba mu sani ba shi ne, a wata daminar da ta wuce rufin ya yi yoyo daidai wurin, ruwa ya shiga allon ya bushe a ciki. Ido ba ya ganin komai. Ya yi mako uku yana aikinsa, sannan ya kira ni. Ya ƙwanƙwasa. Ɗif. Na ce da saura. Ya kankare, ya sake bugawa. Ɗif. Na ce da saura. Washegari ma haka. A rana ta uku na riga na san cewa ko zai kankare shi har ya zama takarda, allon nan ba zai amsa ba. Na dube shi. Gumi yana bin wuyansa, ƙafafunsa a cikin silifas ɗin da ya yanka don su shiga, tabaransa ɗaure da zare. Na tuna saman ɗakin baƙi, babu sauran farin allo ko ɗaya. Ya ƙwanƙwasa, ya zuba wa bakina ido.

Na ce, "Ya yi."

Ya yi murmushi ya ce, "Ai na gaya miki wannan za ta fi su duka."

A ido kam ta fi su duka. Maɗacin bayanta ja ne kamar garwashi, allon wuyanta baƙi sumul. Da ya ɗaura mata tsirkiya ya kaɗa, ya sake dubana, na sake gyaɗa kai. Na gaya wa kaina cewa wataƙila idan ta kwana biyu muryar za ta buɗe, wataƙila mutanen Bena ba za su lura ba. Ƙarya fure take yi, ba ta 'ya'ya.

Bayan girbi, ranar kasuwa, shugaban mawaƙan cocin ya zo a kan babur da jitar a cikin buhu. Mutum ne mai ladabi, har ƙasa ya durƙusa ya gaishe mu. Ya yi magana a hankali, Ishaya bai ji ba. Ya ƙara, bai ji ba. Dole ya ɗaga murya: "Baba Kofur, jitar nan ba ta da murya! Da mutum uku sun fara waƙa sai ta ɓace!" Tela na gefe ya tsayar da kekensa. Mai facin taya ya ɗago kai. Ishaya ya karɓi jitar, ya kafa haɓarsa a kan kafaɗarta, ya ja tsirkiya ɗaya, ya rufe ido yana jin rawar katakon a ƙashinsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya shiga ciki ya ɗauko tasa ta kansa, wadda ya yi wa kansa tun yana ji, wadda ba ya barin kowa ya taɓa, ya sa ta a buhun ya miƙa wa mutumin. Ya ce a ba jama'a haƙuri. Ya rufe rumfa tun rana ba ta take ba.

A gida yarenmu na C'lela muke yi da juna, amma idan ran Ishaya ya ɓaci Hausar bariki ce ke fito masa. Da Hausa ya yi mini magana ranar, muna tsakar gida, rana tana dukanmu.

"Tun ranar kin ji?"

Na ce, "Na ji."

"Kika ce ya yi."

Na ce, "Na ga babu wani katakon, na ga yadda ka wahala. Tausayinka na ji."

Na faɗa ne kaina a sunkuye, bai ga bakina ba. Ya ce in maimaita. Sai da na ɗago na sake faɗa da ƙarfi, har kaji suka watse.

Ya ce, "Tausayi, ina da masu yi mini a coci. Kunne na roƙe ki."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma bai sake tayar da maganar ba. Ya rayu shekara biyu bayan haka. Bai taɓa yi mini tsawa ba, bai ƙi tuwona ba, tare muke tafiya coci ranar Lahadi. Amma bai sake kirana rumfa ba, bai kuma sake yin jita ba. Ƙofa da benci ya ci gaba da yi. Wata rana na ga wani tsohon akwatin keken ɗinki a gidan wata abokiyar aikina, na roƙe ta, na ɗauko shi a kai tun daga can na kawo masa. Ya dube shi, ya dube ni, ya ce in ajiye a gefe. A gefen ya zauna har gara ta ci shi.

Abokin kuka ba a ɓoye masa mutuwa. Na san wannan karin magana, na ma koyar da ita a aji. Kullum ina cewa gobe zan zaunar da shi in nemi gafararsa yadda ya kamata, amma yaya mutum zai nemi gafara da ihu, maƙwabta suna ji? Haka na riƙa ɗagawa, har ranar da ya faɗi a rumfa yana cikin haɗa bencin makaranta. Kwana huɗu ya yi bai yi magana ba, ya cika. Sai bayan an binne shi, ina zaune mata suna yi mini gaisuwa, ya faɗo mini a rai cewa ai da na rubuta masa a takarda. Ni malamar makaranta, shi kuma yana karatu sarai. Shekara biyu wannan dabara ba ta zo mini ba. Da na sani ƙeya ce.

Nakan zauna yanzu in tambayi kaina me zai ce da ya ga Zuru ta yau. Hanyoyin da yake bi da keke yana neman faɗaɗɗen maɗaci, yanzu buhunan gawayi ne jere a bakinsu. Manyan itatuwan da ya san su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda makiyayi ya san shanunsa, yawancinsu sun bi mota. Ƙauyukan da yake kwana idan hanya ta yi masa nisa, da yawa mutanensu sun gudo cikin gari saboda rashin tsaro, wanda zai je Bena kuma sai ya yi ta tambayar labarin hanya kafin ya shiga mota. A coci lasifika takan sa ƙirjina ya riƙa bugawa, in fito kaina yana ciwo. Wani lokaci nakan yi dariya ni kaɗai, in ce Ishaya ne kawai zai iya zama a bencin gaba bai damu ba. Ban yi zaton zai zagi zamani ba, ba halinsa ba ne. Na fi zaton zai je bayan sujadar Lahadi ya roƙi samarin su bar shi ya leƙa cikin jitar kamfanin da suke riƙe da ita. Ya taɓa buɗe irinta sau ɗaya, ya ce an yi mata kwalliya an manta ba a sa mata rai ba.

Gidan ya yi mini yawa. Ɗanmu soja ne kamar ubansa, sai ya yi wata da watanni bai samu zuwa ba. Rahila tana fama da nata gidan. Rumfar mai cajin waya ne a cikinta yanzu. Zarto da gizago da magagari da bututun ƙarfen nan suna cikin akwati a ƙarƙashin gado, nakan shafa musu mai sau ɗaya a shekara, ban san wa nake ajiye wa ba. Babu wanda ya gaji sana'ar. Waɗanda suka koyi aiki a hannunsa ƙofa da kujera suka ɗauka suka tafi, ba wanda ya iya jiran icce shekara biyar. Ƙawayena na mawaƙa yawancinsu sun riga ni. Idan na dafa abinci har yanzu hannuna na mutum biyu yake aunawa.

Bara wani mutum ya zo daga Abuja a wata mota mai kyau. Ya ce yana tattara tsofaffin jitoci na aikin hannu, wai yanzu ana nemansu, wani ne ya yi masa kwatancen gidan. Ya ga jitar Bena a rataye a bangon ɗakina, ya tsaya baki buɗe. Ya ce, "Mama, wannan ai abin tarihi ce." Na ce masa ba ta da murya. Ya ce ba komai, ba kaɗawa za a yi ba, a falo za a rataye ta. Na ce ba ta sayarwa ba ce. Ya yi magiya, ya bar lambarsa, ya tafi. Rahila da ta ji ta ce na cika taurin kai. Ban yi mata bayani ba. Ba zan bari a san Ishaya da jitar da ya ji kunyarta ba. Kuma a cikin duk jitocin da suka fita daga rumfar nan, ita ce wadda hannuna ya fi yawa a ciki. Ni ya kamata in riƙa ganinta kowace safiya.

A bazarar bana aka yi rasuwa a unguwarmu, muka taru da rana a ƙarƙashin rumfar tanti. Janareta ya ƙi tashi, samarin fiyano suka yi cirko-cirko. Can daga baya sai na ji an fara kaɗa jita a hankali. Ban juya ba, amma na kasa kunne. Muryar tana da zurfi, tana ja, ta ratsa ta ƙarƙashin muryoyin mata ta ɗauke su. Ban iya waƙar ba, ni da nake jan baki. Da aka watse na je wurin. Wani tsoho ne siriri, riga ɗaya a jikinsa, aka ce mini sunansa Baba Tanko, yana cikin waɗanda suka gudo daga wani ƙauye wajen Kanya. Jitar ta yi baƙi saboda tsufa, wurin da hannu ke gogawa ya cinye har ya yi kwari. Na duba yadda aka yanka kan jitar, na gane tana cikin waɗanda muka yi tare.

Na ce, "Baba, ina ka samo wannan?"

Ya ce, "Ta yayana ce, mai wa'azi ne, ya rasu ya bar mini. Ranar da muka gudo, hannu ɗaya na riƙe matata, ɗaya na riƙe ta. Dawa ma a rumbu muka baro."

"Ka san wanda ya yi ta?"

"An ce wani kafinta ne a nan Zuru, tsohon soja. Ban san sunansa ba. Ko kin san inda yake? Jakinta ya fara ɗagawa, ina neman mai gyara."

Na ce masa mijina ne, sunansa Ishaya, ya kusa shekara goma sha ɗaya da rasuwa, kuma ban san wani mai gyara ba. Tsohon ya ajiye jitar a kan cinyarsa, ya cire hularsa, ya ce, "Ayya. Sannu, Mama. Yaya haƙuri? Allah ya ba da dangana." Ya yi mini gaisuwa cikakkiya kamar jiya aka yi rasuwar. Rabon da wani ya yi mini gaisuwar Ishaya har na manta. Na yi kuka a wurin, mutane suka ɗauka mamacin unguwa nake wa.

Ya leƙa cikin jitar ya ce bai ga suna ba. Na ce Ishaya ba ya sa suna. Ya ce to in rubuta masa. Na yagi takarda a bayan littafin waƙoƙina, na rubuta da rubutun allo yadda kowa zai iya karantawa: Ishaya, kafinta, Zuru. Washegari ya zo gida na ba shi gam, ya zura yatsu ya liƙa ta a ciki. Sau biyu ya sake zuwa da yamma ya zauna a ƙofar gida ya kaɗa mini, a hankali, don kada jakin ya ƙarasa ɓallewa. Daga nan ɗansa ya aiko su koma wurinsa a Kontagora. Na raka shi da matarsa tasha, ya shiga mota da jitar a tsakanin gwiwoyinsa.

Idan na auna abin da ya rage na Ishaya, ba shi da yawa. Itatuwan sun tafi, sana'ar ta bi shi kabari, waɗanda suka san shi muna ƙarewa. Akwai jitoci warwatse a hannun mutanen da ba su san sunansa ba, su ma kowace tana jiran ranar da gam ɗinta zai saki. Amma na ga mutumin da ya bar rumbunsa cike da dawa ya ɗauki aikin hannun mijina ya gudu da shi, kuma na ji wannan aikin ya riƙe waƙar jama'a a ranar da lantarki ya ba su kunya. Ban san kafinta nawa ne za a ce an yi musu wannan shaida ba. Ko ya yafe mini, wannan ban sani ba, kuma babu mai gaya mini a duniyar nan. Allah ya ba ka hutawa, Baban Rahila, ya sa inda kake kana ji da kunnuwanka biyu.

Ranar da na dawo daga tasha, na tura ƙofar gida da labari cike da bakina, na tsaya a tsakar gida ina dube-dube. Babu wanda zan ba. Shi ya sa na kawo muku.